Sergei Winogradsky, attajirin da ya bar kiɗan fiyano ya bi sawun takin da ke ɓacewa a gona

A watan Yunin 2006 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja domin taron ƙoli kan takin zamani, suka kuma amince a ɗaga abin da manomin nahiyar ke zubawa daga kimanin kilo 8 na sinadaran gina shuka a kowace hekta zuwa kilo 50 kafin shekarar 2015. Wa'adin ya zo ya wuce ba a kai ga adadin ba. Da aka sake zama a Nairobi a watan Mayun 2024, sai aka ƙara lafiyar ƙasar noma a cikin sunan taron, kuma ƙarin yana da dalili. Buhun yuriya da manomi ya saya da tsada ya zuba a gonarsa a Kwali ko Kuje ko Abaji ba ya isa ga saiwar masara kai tsaye. Sai ya bi ta hannun wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su juya shi daga wannan siffa zuwa waccan, kuma a kan hanyar wani kaso mai yawa yakan bi iska ko ya bi ruwa. Ƙididdigar masana a duniya ta nuna cewa abin da amfanin gona ke sha daga naitirojin ɗin da aka zuba masa bai cika kai rabi ba.

Mutumin da ya fara kama waɗannan halittu, ya raine su a cikin kwalba, ya auna abin da suke ci da abin da suke fitarwa, wani ɗan daular Rasha ne mai suna Sergei Winogradsky. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma duk malamin gona da ya ce wa manomi ya binne yuriya, ko ya raba ta kashi biyu, a kan aikinsa yake tsaye ko ya sani ko bai sani ba.

An haife shi a watan Satumban 1856 a birnin Kiyef, babban birnin Yukren a yau, wanda a lokacin yake ƙarƙashin sarkin Rasha. Mahaifinsa lauya ne da ya zama babban jami'in banki, ya tara dukiya da filaye a lardin Podolia. Mahaifiyarsa ta fito daga gidan Skoropadsky, tsohon gidan sarauta a Yukren. Wannan wadata ta yi tasiri a dukkan rayuwarsa, domin bai taɓa yin bincike don neman abin sawa a baki ba, kuma duk aikin da ya gundure shi yakan ajiye shi ya yi gaba. Ya shiga jami'ar Kiyef a 1873 ya ɗanɗana karatun lauya ya bari, ya koma sashen kimiyya shi ma bai zauna ba. A 1875 ya tafi St. Petersburg ya shiga makarantar kiɗa, inda ya koyi fiyano a hannun Theodor Leschetizky, malamin da daga baya ya horar da Paderewski. Bayan shekara biyu ya sake juyawa, ya shiga jami'ar birnin a 1877.

A nan ne ya dace da malamai. Mendeleev, mai jadawalin sinadarai, yana koyarwa a jami'ar a lokacin. Amma mutum biyu ne suka fi barin tambari a kansa: Nikolai Menshutkin, wanda littafinsa kan tantance sinadarai ya yi fice har aka fassara shi zuwa wasu harsunan Turai, da Andrei Famintsyn, masanin yadda tsirrai ke ci da numfashi. Daga na farko ya koyi sikeli da haƙurin awo, daga na biyu ya koyi zama a gaban madubin ƙara girma yana kallon halitta guda kwana da kwanaki. Ya kammala a 1881, ya sami digiri na biyu a 1884 da bincike kan abincin wani nau'in yis. Ya riga ya yi aure tun 1879, ya auri Zinaida Tikhotskaya, suka haifi 'ya'ya mata huɗu.

A 1885 ya tafi Strasbourg, wadda a lokacin take hannun Jamus, wurin Anton de Bary, babban masanin funfuna da cututtukan shuka. Ana cikin wata jayayya a lokacin kan ko bakteriya na da jinsuna tabbatattu ko kuwa halitta ɗaya ce ke sauya kama. Winogradsky ya ɗauki wata bakteriya mai suna Beggiatoa don ya warware batun. Ita wannan tana tsirowa kamar farin zare a maɓuɓɓugan da ruwansu ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, warin da duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen toshasshen kwalbati da damina ya san shi. Iskar da ke wannan wari haɗin haidurojin ce da farar wuta. A cikin jikin zaren ana ganin ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, waɗanda aka riga aka san farar wuta ce zalla, kuma manyan masana irin su Ferdinand Cohn sun ɗauka bakteriyar ce ke samar da warin.

Winogradsky ya ɗora zaren a kan gilashi a ƙarƙashin madubi, yana sauya masa ruwa sau da yawa a yini. Idan ya ba shi ruwa mai warin, ɗigon farar wuta sai ya cika jikin zaren. Idan ya hana shi, ɗigon sai ya ragu har ya ɓace cikin kwana ɗaya ko biyu, ruwan da ke kewaye ya nuna alamar asid na farar wuta, daga nan zaren ya mutu. Ashe lamarin a juye aka fahimce shi. Bakteriyar cin iskar take yi, tana ƙona ta da oksijin kamar yadda jikin mutum ke ƙona tuwo ya sami ƙarfi. A 1887 ya buga sakamakon. Kafin wannan rana, ilimin halittu ya san hanya biyu kawai ta samun ƙarfin rayuwa: tsiro ya sha hasken rana, sauran halittu su ci tsiro ko su ci wanda ya ci tsiro. Saurayi ɗan shekara 31 ya nuna hanya ta uku, ta halittun da makamashinsu ke fitowa daga ma'adinai marasa rai.

Sai bayan shekara 90 duniya ta ga girman wannan hanya da idonta. A 1977 wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku ya sauka kusa da tsibiran Galapagos, a zurfin da hasken rana bai taɓa kaiwa ba, ya tarar da tsutsotsi masu tsayi da kaguwa da kifi sun yi dandazo a bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi. Dukkansu sun dogara ne da bakteriya masu cin iskar farar wuta. A 1999 kuma aka bayyana wata 'yar uwar Beggiatoa a laka ta gaɓar tekun Namibiya, mai girman da ido ke iya gani ba tare da madubi ba.

Shekarun Zurich

De Bary ya rasu a farkon 1888, Winogradsky ya koma Zurich a Siwizalan, inda ya ƙara gogewa a ɗakin gwaje-gwajen sinadaran noma na Ernst Schulze. A nan ya fuskanci matsalar da ta gagari manyan masana fiye da shekara goma, wato yadda amoniya ke zama naitiret a cikin ƙasa.

Batun ya shafi gona kai tsaye. Kashin dabbobi da fitsarinsu da ruɓaɓɓen ganye duk suna sakin naitirojin ɗinsu a siffar amoniya, haka ma yuriya idan ta jiƙa a ƙasa cikin 'yan kwanaki. Bayan wani lokaci amoniyar sai ta koma naitiret. Turawa sun daɗe suna amfani da wannan sauyi ba tare da sun san sirrinsa ba, suna tara juji da toka da fitsari domin su tace gishirin da ake haɗa albarushi da shi. A 1877 wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka cika dogon bututun gilashi da yashi da farar ƙasa, suka riƙa ɗiga masa ruwan ƙazantar birni. Kusan kwana 20 babu abin da ya sauya, daga nan sai naitiret ya fara fitowa ta ƙasan bututun. Da suka sa masa tururin kulorofom, maganin da a da ake sumar da majiyyaci da shi, aikin ya tsaya cik, da suka ƙara masa ɗan ƙasar lambu sai ya dawo. Hujja ta tabbata cewa abu mai rai ne ke aikin. Robert Warington a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila ya ƙara nuna cewa sauyin hawa biyu ne, daga amoniya zuwa naitirait, daga naitirait zuwa naitiret. Amma duk wanda ya yi yunƙurin ware mai aikin ya gan shi shi kaɗai sai ya tashi hannu rabbana.

Dalilin gazawar yana cikin kayan aikin da kowa ke alfahari da su. Robert Koch ya koya wa duniya rainon bakteriya a kan faranti mai jelatin da romon nama, da wannan dabara aka kama ƙwayar kwalara. Kowa ya ɗauka abin da ƙwayar cuta ke so, shi kowace bakteriya ke so. Winogradsky, wanda ya riga ya ga halitta mai cin farar wuta, ya yi zargin cewa romon ne ke kashe abin da ake nema. Sai ya haɗa ruwa da ba shi da komai sai gishirin amoniya da ɗan fosfet da kabonet, ya jefa ɗan ƙasa, ya jira. Da amoniyar ta ƙare ya ɗebi ɗigo ya kai sabuwar kwalba, ya yi ta maimaitawa. Hikimar ita ce ta mai shanya dusa a tsakar gida: wanda dusa ce abincinsa shi zai zo ya yi ƙiba, sauran su watse da yunwa. Wannan dabara ta zaɓen halitta ta hanyar abincinta, wadda shi da Martinus Beijerinck na Holan suka inganta kowa a nasa ɓangaren, har yau ita ce mabuɗin farko ga mai neman sabuwar bakteriya a ƙasa ko a ruwa.

Ya yi wata dabarar mai ban sha'awa. Ya ɗiga ruwan kwalbarsa a wurare daban-daban a kan farantin jelatin, ya bar shi kwanaki, sannan ya ɗebi wuraren da babu abin da ya tsiro, bisa hujjar cewa a nan ne baƙonsa ke zaune ba tare da 'yan rakiya ba. Daga baya ya maye gurbin jelatin da silika mai kauri, wadda daga dangin yashi take, babu abin ci a cikinta. Tsakanin 1890 da 1891 ya bayyana halittun: Nitrosomonas da 'yan uwanta masu mayar da amoniya naitirait, da Nitrobacter mai ƙarasa aikin zuwa naitiret. Ya sa aka aiko masa da ƙasa daga nahiyoyi daban-daban, har daga Java da Kudancin Amurka, ya same su a ko'ina.

Nan ne horon Menshutkin ya yi rana. Tambayar da ta rage ita ce daga ina waɗannan halittu ke samun kabon na gina jikinsu, tunda ba a ba su sukari ko nama ba. Duk mai shakka zai iya cewa wata ƙazanta ce ta saɗaɗa cikin kwalbar. Winogradsky ya tace ruwansa, ya ƙona gishirinsa don ya kawar da duk wani ɓurɓushin abu mai rai, ya ajiye kwalaben a cikin duhu, sannan ya auna kabon ɗin da ya taru a jikin halittun bayan makonni. Kabon ya ƙaru, kuma ya ƙaru daidai gwargwadon amoniyar da aka ƙona: kusan kashi 35 na naitirojin kafin a gina kashi 1 na kabon. Babu inda zai fito sai daga kabon-dayoksaid na iska da na kabonet. Halitta ce ke gina jikinta daga iska kamar ganye, amma a cikin duhu. Wannan adadi na 35 ya kuma bayyana abin da ya sa suke jinkirin hayayyafa amma aikinsu ke da yawa, domin ladan da suke samu a kan kowane ƙwayar amoniya kaɗan ne, dole su ƙona mai yawa.

Ga abin da wannan ke nufi a gonar masara a Gwagwalada. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce. Idan aka watsa ta a saman busasshiyar ƙasa ko mai ɗan danshi a cikin zafi, wani kaso yakan tashi sama a siffar iskar amoniya, shi ya sa ake cewa a binne. Wadda ta shiga ƙasa takan manne da laka da ruɓaɓɓen ganye, ruwa ba ya saurin wanke ta. Amma da zarar halittun Winogradsky sun mayar da ita naitiret, mannewar ta ƙare, ruwan Agusta mai ƙarfi zai iya gangarawa da ita ƙasa da inda saiwa ke kaiwa, musamman a jigawa. Daga can takan shiga rijiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret a kowace litar ruwan sha saboda illarsa ga jinin jarirai. A fadama mai kwantar da ruwa kuwa wasu bakteriya na daban kan mayar da naitiret iska, ciki har da wata mai ɗumama duniya fiye da kabon-dayoksaid sau 270 da ɗoriya. Sauyin kuma yana ƙara wa ƙasa tsami a hankali. Duk da haka halittun nan ba maƙiya ba ne a ko'ina. A matatar ruwan ƙazanta irin ta Wupa da ke kusa da Idu, iskar da ake hurawa a cikin manyan tankuna tana raya su ne don su cinye amoniyar da za ta kashe kifi idan ta shiga rafi.

Sunansa ya kai kunnen Louis Pasteur, wanda ya aiko masa da gayyata zuwa Paris ta hannun Élie Metchnikoff. Ya yi godiya ya ƙi, ya zaɓi komawa gida a 1891 ya shugabanci sashen nazarin ƙananan halittu a sabuwar cibiyar binciken likitanci ta St. Petersburg. A can ya juya ga ɗaya ɓangaren tafiyar naitirojin, wato yadda yake shigowa ƙasa tun farko. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma a kulle yake, shuka ba ta iya taɓa shi. Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, sun riga sun nuna a 1886 cewa dangin wake na samun sa ta 'yan ƙullutun da ke saiwarsu, Beijerinck kuma ya ware bakteriyar ƙullutun a 1888. Manomin Bahaushe da ke sa wake a tsakanin kunyoyin gero, ko yake barin gawo a tsakiyar gona, ya daɗe yana cin wannan gajiya, kuma a yau cibiyar IITA tana sarrafa irin wannan bakteriya a sunan Nodumax domin a shafa wa irin waken suya kafin shuka. Tambayar Winogradsky ita ce ko akwai mai kama naitirojin na iska da ke zaman kansa a ƙasa ba tare da saiwa ba. Ya haɗa ruwan sukari da ba shi da ɗigon naitirojin, ya jefa ƙasa, kuma tsakanin 1893 da 1895 ya fito da ita, ya sa mata Clostridium pasteurianum don girmama dattijon da ya ƙi amsa gayyatarsa. Abin lura shi ne oksijin guba ne gare ta, amma tana rayuwa a kwalba buɗaɗɗiya saboda wasu bakteriya maƙwabtanta na shanye oksijin ɗin kafin ya iso gare ta. Wannan darasi na dogaron halitta da maƙwabciyarta ya zauna masa a rai.

A 1902 aka naɗa shi darektan cibiyar baki ɗaya. Takardu da tarurruka da aikin yaƙi da annoba suka cinye lokacinsa, ciwon ƙoda ya dame shi, sanyin birnin bai karɓe shi ba. A 1905, yana da shekara 49 kuma sunansa na kan ganiya, ya tattara ya koma gidan gonarsu a Gorodok. Shekara kusan 15 ya yi yana kula da gonaki da lambunan itatuwa, yana kiɗansa. Mai karatu na iya ganin wannan a matsayin asara, kuma asara ce, domin a waɗannan shekaru ne Haber da Bosch suka gano yadda za a kama naitirojin na iska a masana'anta, aka buɗe masana'antar farko a Jamus a 1913, hanyar da matatar takin Dangote a Lekki da ta Indorama a Eleme ke bi har yau. Amma a shekarun ne kuma masanin kwalba ya zauna da ƙasar noma ta gaske, ya ga yadda take amsa taki da ruwa da garma.

Juyin juya halin 1917 da yaƙin basasar da ya biyo baya suka raba shi da komai. Ya gudu Odesa, daga nan a 1920 ya bar ƙasar ya sauka Belgrade, dattijo ɗan shekara 64 ba gona ba ɗakin gwaji. Wata maƙala da ya rubuta a can kan bakteriya masu cin ƙarfe ta tuna wa Turai cewa yana raye. A 1922 Émile Roux, shugaban cibiyar Pasteur a lokacin, ya sabunta gayyatar da aka yi shekara 30 baya, ya ba shi wani gida mai lambu a Brie-Comte-Robert, kimanin kilomita 30 daga Paris, ya kafa sashen nazarin ƙananan halittun ƙasar noma.

Abin da ya yi a wannan gida ya ba abokan sana'arsa mamaki, domin ya juya ya soki hanyar da ta ɗaukaka shi. A ganinsa, bakteriyar da aka ware ita kaɗai aka ciyar da ita abinci mai daɗi shekara da shekaru ta zama kamar dabbar gida, halinta ba ya nuna abin da 'yar uwarta ke yi a daji, inda abinci ya yi ƙaranci kuma masu neman sa suka yi yawa. Ya nace a riƙa nazarin ƙasa a yadda take, a shafa ta a gilashi a rina a duba, a ƙara mata abu ɗaya a ga wa zai taso. Ta haka ya raba mazauna ƙasa gida biyu. Akwai 'yan gida, masu lallaɓawa a hankali suna cin tsohon ruɓaɓɓen abu, adadinsu ba ya cika hawa ko sauka. Akwai kuma masu kama da 'yan ci-rani, waɗanda ke kwance shiru har sai sabon abinci ya faɗo, su yi ambaliya cikin kwanaki, su koma barci idan ya ƙare. Manomin yankinmu ya san wani abu mai kama da wannan a aikace: ruwan farko bayan dogon rani yakan tayar da ƙasa ta saki naitirojin mai yawa a ɗan lokaci, abin da H. F. Birch ya auna a Gabashin Afirka a 1958, kuma yana daga cikin dalilan da shukar wuri ke fin ta baya kyau.

Tare da wata masaniya 'yar Folan, Jadwiga Ziemięcka, ya tsara gwaji mai sauƙi da ya cancanci a tuna da shi a ƙasar da ɗakunan awon ƙasa suka yi ƙaranci. A cuɗa ƙasar gona da ɗan sitaci, a raba ta a ƙananan faranti, a ƙara wa wani fosfet, wani farar ƙasa, wani a bar shi haka. Bakteriyar Azotobacter, mai kama naitirojin na iska, za ta tsiro ta yi ɗigo-ɗigo a farantin da ya sami abin da ƙasar ta rasa. Ƙarancin fosfet kuwa tsohuwar matsala ce a ƙasashen sabana, kamar yadda binciken Samaru ya daɗe da nunawa. Ya kuma yi aiki kan masu narkar da kara da ganye, 'yarsa Helen ta zo ta taya shi, suka bayyana wasu sababbin masu cin amoniya tare a 1933.

Gaskiya ita ce hanyar tasa ta kallon ƙasa kai tsaye ba ta kai inda yake so ba a zamaninsa. Madubi yana nuna siffa, ba ya faɗin suna ko sana'a, kuma ƙananan halittu dubbai kamarsu ɗaya. Masu binciken sinadaran jikin halitta suka ci gaba da ware bakteriya ɗaya-ɗaya, kuma da hakan suka gano abubuwa masu girma. Shi kansa mutum ne mai kaɗaici da kaifin suka, bai tara almajirai a Faransa ba. Wanda ya fi kusa da shi a cikin na baya shi ne Selman Waksman, shi ma haifaffen Yukren da ke aiki a Amurka, wanda a ɗakin gwajinsa aka samo maganin tarin fuka na sitireftomaisin daga wata halittar ƙasa a 1943, ya karɓi kyautar Nobel a 1952, ya kuma rubuta tarihin dattijon. Winogradsky bai sami Nobel ba. An ba shi lambar Leeuwenhoek a 1935, wadda ake bayarwa kusan sau ɗaya a shekara goma.

Matarsa ta rasu a 1939. Ya zauna a gidan Brie a shekarun mamayar Jamus yana tattara aikin shekara 50, wanda ya fito a littafi guda mai shafi fiye da 800 a 1949. Ya rasu a watan Fabrairun 1953 yana da shekara 96, wata biyu kafin Watson da Crick su buga siffar ƙwayar gado ta DNA.

Wannan ƙwayar gado ce ta dawo da hujjarsa. Daga shekarun 1980 masana suka fara ciro ta kai tsaye daga ƙasa da ruwa suna karantawa ba tare da sun raini komai ba, suka tarar cewa abin da ke yarda ya tsiro a faranti bai cika kai kashi 1 cikin 100 na mazauna wurin ba. Na'urorin auna nauyin ƙwayar zarra kuma sun ba da damar a sa wa taki alama da naitirojin mai nauyi, a bi shi a ga wanda ya ci. Da waɗannan kayan aiki aka yi wa hotonsa gyare-gyare. A tsakiyar shekarun 1990 aka gano a wata matatar ruwa a Delft ta Holan bakteriya masu ƙona amoniya ba tare da oksijin ba. A 2005 aka ware, daga wani tankin kifi a Seattle, mai cin amoniya da ba bakteriya ba ce sam, daga wani reshen halittu ne na daban, kuma aka gano danginta sun fi Nitrosomonas yawa a ƙasashe da dama. A 2015 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Biyana ɗaya a Nijmegen, suka bayyana bakteriyar da ke yin hawa biyun ita kaɗai, abin da littattafai suka shekara 125 suna koyar da cewa sai an raba shi tsakanin biyu. Ɗaya daga cikinsu an samo ta ne a bututun ruwan zafi na wata rijiyar haƙar mai a kudancin Rasha. Ɗalibai kuma har yau suna cika dogon gilashi da laka da yagaggiyar takarda da ɗan gwaiduwar ƙwai su ajiye a taga, bayan makonni su ga launuka hawa-hawa, kore da ja da baƙi, kowane launi al'umma ce da ke cin abin da ta kusa da ita ta zubar. Sunansa gilashin ke ɗauke da shi, kuma lakar bakin tafkin Jabi ta isa a yi shi.

Binciken da ya fi kusa da tukunyarmu ya shafi dawa. Masana a cibiyar binciken noma ta Japan da takwarorinsu na ICRISAT sun nuna cewa saiwar dawa na fitar da wani sinadari mai maiƙo da ake kira sogoliyon, wanda ke rage wa Nitrosomonas ƙarfi a kewayen saiwar, ta yadda amoniya za ta daɗe a manne da ƙasa kafin ta zama abin da ruwa ke wankewa. Nau'o'in dawa sun bambanta ƙwarai a yawan abin da suke fitarwa, don haka masu kyautata iri suna neman waɗanda suka fi. An sami irin wannan hali a wata ciyawar kiwo mai asali daga Afirka, kuma a 2021 aka ba da rahoton alkamar da aka shigar wa halin daga wata 'yar uwarta ta daji, ta ba da amfani mai kyau da ƙarancin taki.